Tallafi ga ƙungiyar matan coci a Maraɗi

'Yar'uwa, kina tambaya ko zumuntar matan cocinku za ta iya samun tallafi daga waje ba tare da takardu ba. Da wuya ƙwarai. Ku fara neman izinin Ma'aikatar Cikin Gida, kamar yadda dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta tanada, sannan ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Ba wanda zai zuba ko jika ɗaya a aljihun shugaba, komai amanarta.

Mu da muka nemi kuɗin rufin coci, shiru muka ji. Da muka koma kan rijiyar da duk unguwa za ta sha, Musulmi da Kirista, sai aka saurare mu, amma masu ba da tallafin sun nemi rasit ɗin kowane buhun siminti.