Mun koma MySQL 8.0, phpMyAdmin ya ƙi shiga

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Rumbun bayanan ɗalibanmu yana kan MySQL 5.7. Mun sa 8.0 a sabuwar kwamfuta, muka kwaso bayanan, muka buɗe sabon asusu. Yanzu phpMyAdmin ya ƙi shiga, sai ya riƙa nuna "The server requested authentication method unknown to the client". Ko bayanan ne suka lalace?
Mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, bayananku lafiyarsu ƙalau. A bakin ƙofa rikicin yake. Tun fitowar 8.0 a 2018, MySQL ta sauya hanyar tantance kalmar sirri daga mysql_native_password zuwa caching_sha2_password, duk sabon asusu kuma da sabuwar hanyar ake buɗe shi. Shi phpMyAdmin, wato manhajar da kuke sarrafa MySQL da ita ta burauza, da bakin PHP (yaren kwamfutar da aka rubuta shi da shi) yake magana, PHP kuwa bai iya wannan hanyar sosai ba sai daga 7.4.4.

Saboda haka ka fara duba PHP ɗinku, amma ta shafin phpinfo(), domin abin da php -v ke nunawa yakan bambanta da wanda Apache, manhajar da ke fito muku da shafukan phpMyAdmin, ke aiki da shi. In tsoho ne, ka ɗaga shi zuwa 8, ka sa phpMyAdmin 5.2. Wannan shi ne gyara na gaskiya.

In kuwa aiki ya matsa, shiga MySQL da asusun root, wato babban asusun mai kula da rumbun, ka rubuta:

ALTER USER 'suna'@'localhost' IDENTIFIED WITH mysql_native_password BY 'kalmar_sirri';

Zai buɗe nan take, sai dai faci ne kawai. A 8.4 tsohuwar hanyar a kashe take zuwa, a 9.0 kuma an cire ta ɗungurungum, don haka ban ba ka shawarar dogara da ita ba.

Tunda rumbun makaranta ne, akwai wani tarko a gaba. Kalmar rank, wadda ake yawan sa wa ginshiƙin matsayin ɗalibi a aji, ta shiga cikin kalmomin da MySQL ta keɓe wa kanta a 8.0, haka ma groups. Umarnin da ya ambace su haka tsirara zai tsaya da kuskure. Ko ka rubuta `rank` da waɗannan alamomi, ko ka sauya wa ginshiƙin suna.

Kuma don Allah kada ka goge kwafin da ka ɗauko daga 5.7. Sabbin teburan 8.0 da tsarin jera haruffa mai suna utf8mb4_0900_ai_ci ake yin su, wanda 5.7 ba ta sani ba, in ka mayar mata da su za ta ƙi karɓa, ta ce "Unknown collation".