Ga mai tambayar hanyar Akra da yara: ku bi ta Seme, amma kar ku yi ta a yini ɗaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, kamar ni ce na rubuta ta a ƙarshen 2022. Hutun Disamba, 'yan'uwa a unguwar Nima ta Akra suna ta waya a zo a zo, maigida ya kafe sai da motarsa za a je Akra, ke kuma an bar ki da lissafin daga Legas ta bodar Seme za a shiga Benin ko ta Idiroko, kuma ko za a iya shanye tafiyar a yini ɗaya. Ke yara huɗu kika ce. Mu namu uku ne, ga Hajiya surukata da ta ce ƙafarmu ƙafarta, don tana da 'yar ɗakinsu a Sabon Zango da rabonsu da juna tun kafin korona ta rufe boda.

Ta Seme za ku bi. Na san ku mutanen Agege Idiroko ce ke muku kwarjini, tunda ga Sango Ota nan kusa. Mun bi ta a dawowa, ramukan da ke tsakanin Owode da Sango kaɗai sun ishi mai ciwon baya. Kuma in kin tsallaka Igolo, ɓangaren Benin na bodar Idiroko, sai kin gangaro ta Porto-Novo kin dawo kan wannan titin bakin tekun dai da kika guje wa. Seme kuwa tun 2018 aka haɗe ofisoshin Najeriya da na Benin a harabar guda, ga mai mota da yara wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma ni ba hanya ce ta ci mu ba. Lissafin Baban yara ne, da wani bawan Allah da har gobe in na tuna shi sai na ji ɗaci a bakina.

Legas zuwa Akra ba ta cika kilomita 500 ba. Mutumin da duk Sallah yake tuƙa mu Kano, sai ya ga ai wannan ko rabi ba ta kai ba. Ƙaninsa ya ƙara zuga shi, wai “Yaya ai tafiyar yini ce, la'asar a Nima za ku yi ta.” Shi kuwa ƙanin nan a babbar bas yake zuwa, yana barci kwandasta na kai masa fasfo ana bugawa. Bai taɓa tsallakawa da mota tasa ba. Hanyar Kano ba ta da boda uku, kowace da teburin mutane daban, teburin mota daban, na fita daban, na shiga daban.

Mun tashi bayan asuba, muka bi ta Igando muka faɗa Iyana-Iba. Gosulon Okoko zuwa Agbara kin san shi, ba sai na faɗa miki ba. Daga Badagiri kuma shinge bayan shinge, a sauke gilashi, a buɗe but, a leƙa kular abinci. Ku sha mai ku cika tanki tun kafin Badagiri, don mu lokacin dokar nan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 da boda tana aiki. Kada kuma maigidanki ya ce zai ɗauki jarka, fitina ce kawai zai sayo. Sai wajen sha ɗaya muka isa Seme, muka bar ta ɗaya ta gota. Nan ba mu sha wata wahala ba sai jira. Kwatano muka yi azahar a masallacin Zango, yara na ta ƙirga 'yan acaba masu rawayar riga har suka gaji. Da a nan muka kwana, ko a gaba kaɗan, da ban zauna ina rubuta miki wannan dogon surutun ba. Na ce masa mu kwana. Ya ce rana na sama.

Muka wuce Wida, muka wuce Grand-Popo, teku na hagunmu, yara na roƙo a tsaya su taɓa ruwa, ya ce a dawowa. La'asar sakaliya muka isa Hilakonji, bodar Benin da Togo.

Muna tsayawa sai ga wani mutum, dattijo-dattijo, da farar jallabiya da carbi, ya leƙo ta tagar Hajiya ya yi sallama da Hausa tsantsa. “Sannunku da hanya Hajiya, daga Ikko? Ya gajiya?” 'Yar'uwa, yini guda kina jin Faransanci da yaren da ba ki san kansa ba, sai ga mai cewa “ya gajiya”. Hajiya har da sa masa albarka. Ya ce shi ɗan gida ne a nan, shekararsa kaza yana tsallakar da 'yan'uwa Musulmi fisabilillahi, a ba shi takardu minti goma ya gama. Yana duba takardun mota sai ya riƙe baki. Gaskiya akwai matsala, kuma tamu ce: motar hannu muka saya, Baban yara bai canza suna ba, sunan mai ita na farko ne a jiki. Mutumin nan ya rage murya ya ce in waɗancan suka ga haka cewa za su yi ta sata ce, su riƙe mota su riƙe mai mota. Amma kar mu damu, yana da mutum a ciki. Ina kallo Baban yara ya tattara fasfo shida, da katunan allura, da takardun mota na asali, ya danƙa masa. Na taɓa shi na ce, “Abban yara, ka bi shi mana.” Ya ce in bar shi, ba a yi wa dattijo haka.

Minti goma ta zama awa. Aka kira magariba. Ga mu a gefen titi tsakanin tireloli, ba mu a Benin ba mu a Togo, ba mu da ko takarda ɗaya da za ta nuna su wane ne mu. Layin wayarmu ya ɗauke tun Kwatano. Sauro kamar a bakin fadama. Autata, lokacin shekararta uku, ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta koma shessheƙa a kafaɗata, rigata sharkaf da zufarta. Hajiya mai ciwon suga ce, abincin da na ƙullo ya ƙare tun rana, na ga hannunta na rawa tana ɓoyewa cikin mayafi don kar ɗanta ya gani. Biskit ɗin yara na ɓare mata. Wallahi ban taɓa jin na tsani tafiya ba kamar wannan daren. Shi kuma yana ta safa da marwa, ya je bakin ofis ya dawo, ba ya iya tambaya don ba ya jin Faransanci, kuma tsoro yake kar ya tona wa kansa asirin sunan mota. Ko sunan mutumin ba mu sani ba. “Alhaji” kawai muke ce masa.

Sai bayan isha ya ɓullo, yana sakin murmushi yana share baki, da alama ma tuwo ya je ya ci. Ya ce aiki ya yi wuya, mutanen ciki sun ce sai jaka sittin. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani: masu Hausar can da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1,000. In mai canji ko mai abinci ta ce miki “ɗari”, sefa 500 take nufi. Mu ba mu sani ba, sai da ya rubuta a tafin hannunsa: 60,000. Fasfunanmu na cikin aljihun jallabiyarsa, ina hango kan su, ya dafe da hannu. Baban yara ya fara roƙo, yana haɗa shi da Allah da Annabi. Mutumin da ɗazu yake “fisabilillahi” ya ce to shi ke nan bari ya mayar musu, mu kwana nan. Hajiya, tsohuwa, ta ce masa “ɗana ka dubi jikokin nan”, ya kau da kai kamar ba da shi ake ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba kuɗin ba. Sefar da muka canzo a Seme gaba ɗaya muka juye masa, na cika da nawa na cikin jaka da na ajiye don tsarabar atamfa a Lome.

Kin san abin takaicin? Da muka buɗe fasfo, hatimin fita Benin kawai aka buga. Na shiga Togo da takardar izinin mota, wadda suke kira lesefase, babu. Sai da muka bi layi da kanmu. Jami'in da ke teburin ya dubi sunan, ya dubi takardar cinikin motar da Allah ya sa tana cikin aljihun gaban mota, ya yi 'yan tambayoyi da guntun Turancinsa, ya karɓi kuɗin da ke rubuce ya ba mu rasit. Ko rabin awa ba mu yi ba. Wato duk abin da aka tsorata mu da shi iska ce. Na waiga in ga Alhajin, ko ƙurarsa.

Don Allah ki gaya wa maigidanki da bakina: fasfo ba ya barin hannunku sai a kan tebur, gaban mai kaki. Duk wanda ya tare ku a waje, ko da Alƙur'ani yake rataye, ku amsa sallama ku wuce. In motarku ba sunansa ba ne, ya je ya canza tun yanzu, ko ya riƙe takardar ciniki da ta izini daga mai sunan. Ya yi inshorar ECOWAS, katin nan mai ruwan ƙasa, tun a Legas, don ta gida ba ta aiki da kun tsallaka. Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, gwangwanin kashe gobara, alamar nan mai kusurwa uku guda biyu, safaya mai iska. Biza dai babu, ɗan ECOWAS na da kwana 90. Ki yi hoton kowace takarda kashi uku ki raba a jakunkuna.

Togo ɗin ma fa duka faɗinta ta bakin teku bai fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, kuma da kin shiga agogo ya koma baya da awa ɗaya, haka Gana. Wannan awar ce Baban yara ya riƙe a matsayin riba, ya ce za mu cim ma Aflao, bodar Togo da Gana. Manyan motocin tashar jirgin ruwan Lome suka tsare mu. Muna isa an rufe ƙofa, lokacin ƙarfe 10 na dare suke rufewa. Ga fitilun Gana muna gani, ba kuɗin masauki a hannu sai naira da ba mai karɓa a daren. Wani mai shayi, shi ma Bahaushe, ya ga halin da muke ciki, ya dafa wa yara indomi da ƙwai, ya kai ni da Hajiya da yara ɗakin matarsa, shi da Baban yara suka kwana a benci. Da safe da ƙyar ya karɓi kuɗin shayin. Ina faɗa ne don kar ki ce na ce duk mai Hausa a hanya macuci ne. Amma shi mai shayi bai tare mu ba, mu muka same shi a kan sana'arsa.

Ni da Baban yara kwana biyu ba mu yi wata maganar kirki ba. Ƙanin nasa kuwa har yau bai ce mana sannu ba, cewa ya yi mu ne ba mu da wayo. Na bar shi da Allah. Hajiya ce ma ta ba ni mamaki, ko sau ɗaya ba ta ɗaga zancen ba, sai dai tun daga ranar in za a yi tafiya ni take tambaya ƙarfe nawa za a tashi, ba ɗanta ba.

Af, katin allurar shawara. Kowane yaro da nasa, har na goye in ya kai wata tara, kuma sai allurar ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, kar ki bari sai ana jibi tafiya. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, in kuna da tsohon kati mai kyau ku nemo shi. A cikin huɗun nan in akwai ɗan riƙo, ki karɓo takardar amincewar iyayensa, suna sa ido sosai kan yara saboda masu safararsu. Ki canzo sefa ƙananan takardu, akwai kuɗin titi kafin Kwatano da kuma hanyar Wida, kuma kar ki tara su wuri guda kamar yadda muka yi. Sidi, kuɗin Gana, kuwa sai Aflao. Gidan sauro, maganin zazzaɓi, ruwa katan biyu, garin kunu da fulas. Abincin da kike ganin ya isa, ki ninka.

Da ni ce ke, ranar farko Grand-Popo zan kwana, ko Wida in an makara. Yara su ga teku, amma a riƙe hannunsu, igiyar ruwan wajen tana da ƙarfi, ba ta wanka ba ce. Washegari da sassafe ku tsallaka Hilakonji ido na ganin ido, ku karya a Lome, ku shiga Aflao kafin azahar. Daga nan kusan kilomita 190 ne, ta gadar Sogakope a kan kogin Volta, ku faɗa Tema, sai Akra. Ya kiyaye gudu in an shigo gari, 'yan sandan Gana da na'urar auna gudu suke tsayawa, kuma ba sa son dogon zance.

Zancen da kika yi na wucewa Kumasi, ku bari sai kun huta kwana uku tukuna, wasu kilomita 250 ne na daban kuma titin cike yake da manyan motoci. Mu ba mu je ba, jikin Hajiya bai ba mu dama ba. Mun dai yi Juma'a a babban masallacin nan na Kanda da Turkawa suka gina, babbar 'yata ta ɗauki hoto ya fi ɗari. A Nima kuma sai kin manta ba a gida kike ba, koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da suke ce wa wace a cikin ganye, kowa na Hausa da irin karin harshensu. Yaran har yanzu suna tambaya yaushe za a koma. Ni dai na ce musu sai babansu ya yarda a kwana a hanya, kuma jakar fasfo a wuyana za ta rataya.

In kun tsayar da rana ki yi mini magana ta gefe, akwai saƙon yaji da kuka da nake so a kai wa matar mai shayin nan.