Maiƙon fuska da ƙuraje a zafin Sakkwato: mi zan shafa, mi zan bari?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce, shekarata 23, ina zaune a Mabera. Fuskata maiƙo gare ta, in na yi wanka da safe, kafin azahar goshina da hancina sai ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa. Ƙuraje kuma ba su ƙarewa, wannan na warkewa wani na fitowa, kowanne ya tafi sai ya bar baƙin tabo. Ina wanke fuskar da sabulun salo sau huɗu ko biyar a rana, in dirje da soso, da dare in shafa lemun tsami da kurkur. Wata ƙawata ta ba ni wani mai na haɗi, cikin sati biyu fuskar ta yi luwai, da na bari sai ƙurajen suka dawo fiye da da. Ga shi an sa bikina wata huɗu masu zuwa. Ina son abin gargajiya mai sauƙi wanda ba zai ɓata mini fata ba. Don Allah a taimaka.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Ki fara cire wa ranki cewa ƙazanta ce ke kawo ƙurajen nan. Wadda ke wanke fuska da sabulu sau biyar, ga alwala biyar a kai, ba a yi mata wa'azin tsafta. Ni dai a ganina fuskarki ta gaji ne, kuma rabin maganinki yana cikin abubuwan da za ki daina.

A gindin kowane ɗan gashi na jiki akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Sun fi yawa a goshi, hanci, haɓa, ƙirji da gadon baya, shi ya sa nan ƙurajen ke taruwa. Sinadaran jiki da ke tashi lokacin balaga su ne ke zuga su, gado kuma yana da hannu. Ki duba gidanku, da wuya ki rasa yaya ko inna da ta yi irin wannan fama. Idan maiƙon ya haɗu da matacciyar fata sai su toshe ƙofar ramin gashin, wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa ta sami wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Baƙin ɗigon da kike gani a hanci ma ba datti ba ne, toshewar ce ta sha iska ta sauya launi, kamar goron da aka ɓare aka ajiye. Duk wannan a ciki yake faruwa, inda soso ba ya kaiwa.

To ga abin da kike yi wa fatar a waje. Akwai wani ma'auni da ke tafiya daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa da toka. Lafiyayyar fata tana zaune wajen 5, wato da ɗan tsami-tsaminta, kuma da shi take kare kanta. Sabulun salo da toka ake yin sa, yakan kai 9 zuwa 10. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Da rana kin ja fuskar can, da dare kin fizgo ta nan, ga soso a tsakani. Shi ya sa za ki ji ta tana ɗaurewa bayan wanka, tana yaji, wani lokaci har tana saɓa, amma kuma tana ƙyalli. Lemun tsami yana da wani sharrin daban: in ragowarsa ta kwana a fata rana ta buge ta, yakan ƙona wurin ya bar baƙi. Ranar Sakkwato kuwa, a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce 40, ba ta buƙatar mataimaki.

Tabon da ke damunki daga nan yake. Baƙar fata irin tamu duk inda ta ji ciwo, ko na ƙurji, ko na matsa, ko na dirza, sai ta zuba launi a wurin. Ƙurji kan warke cikin sati ɗaya ko biyu, tabonsa kuwa ya yi watanni. Duk wanda kika matse da farce kin saya wa kanki tabon da zai iya kaiwa ranar biki.

Man ƙawarki ba sai na gan shi ba. Mai da ke gyara fuska cikin sati biyu, a bari kuma ƙuraje su dawo da fushi, kusan kullum akwai sitiroyid a ciki, irin su kulobetasol ko betametason. Magunguna ne na gaske masu ƙarfi da ake rubuta wa wasu cututtukan fata na ɗan lokaci, amma a fuska suna sirantar da fata, su fito da jijiyoyi, su haifar da nasu ƙurajen masu kama da juna. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan man bilicin da ake zuba wa irin waɗannan da makuri, wato zaiba. Tunda sati biyu kawai kika yi, kada ki koma, tashin da ƙurajen suka yi zai lafa. Wadda ta yi watanni tana shafawa ita ce ba a so ta yanke rana ɗaya sai da likita.

Yanzu abin da za ki yi. Sati biyun farko hutu ne: ba lemun tsami, ba soso, ba matsa. Sabulu sau biyu kawai, da asuba da lokacin kwanciya, mai laushi marar ƙamshi sosai, da tafin yatsu, rabin minti ya isa. Ruwan alwala shi kaɗai ya wadatar a tsakani. In ruwan tanki ya yi zafi da rana, ki ɗebi na randa. In kina son na gida, garin ganyen magarya yana da wani sinadari mai kumfa da ke wanke maiƙo ba tare da ƙona fata ba. Ki jiƙa rabin cokalin shayi a ɗan ruwa, ki kaɗa har ya yi kumfa, ki tace da kyalle mai tsafta, ki wanke da ruwan. Kada ki goga tsakin, in kin goga kin koma gidan jiya. Wanki ne kawai yake yi, ba ya kashe ƙurji.

Bayan hutun, abin da na fi so ki fara da shi ganyen shayin nan ne da Buzaye ke dafawa a 'yar buta kan gawayi. Koren shayi ne, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna sinadaransa na rage fitar maiƙo da kumburi. Ki zuba cokali ɗaya a rabin kofin tafasasshen ruwa, ba sukari ba na'a-na'a, ya huce, ki dangwala da auduga bayan kin wanke fuska. Na gida bai kai wanda aka gwada ƙarfi ba, amma ba ya cutarwa kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ki riƙa haɗa sabo kullum, a zafin nan da rashin tsayawar wuta wanda ya kwana ya lalace.

Sai alobera. Fuska mai maiƙo ma tana jin ƙishi, musamman da hunturu in ƙura ta sauko, kuma majinar alobera na ba ta laima ba tare da ƙara mata mai ba. Mutane da yawa na kuskure wajen yankanta. In kin yanko ganyen ki jingine shi tsaye kamar minti 15, wani ruwa rawaya mai ɗaci zai tsiyaye, shi ne ke sa ƙaiƙayi. Ki wanke, ki feɗe bawon, ki ɗauki farar majinar ta tsakiya kawai, ki shafa siriri.

Zuma tana kwantar da fata mai yaji, a shafa minti 10 zuwa 15 sau biyu a sati a wanke. Ba zan ce miki tana warkar da ƙuraje ba, hujjar hakan ba ta da ƙarfi, balle in wadda aka dafa da sukari aka sayar miki. Farar ƙasa tankaɗaɗɗiya mai tsafta tana tsotse maiƙo na wuni guda, sau ɗaya a sati ya isa, kuma a wanke tun kafin ta bushe ta tsage.

Cikin duk mayukan itatuwa, wanda ya fi samun shaida shi ne man ti-tiri na ƙasar Ostireliya. A 1990 an gwada mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 a kan mutum 124 a can, aka kwatanta shi da maganin kemis benzoyil peroksayid, shi ma mai kashi 5. Dukansu sun rage ƙuraje. Na itacen ya fi jinkiri, amma ya fi sauƙin yaji da bushewa. Ki nemi wanda aka riga aka sirka. Tsantsarsa tana ƙona fata, kuma guba ce in an sha.

Ko wanne za ki ɗauka, ɗaya bayan ɗaya. Ki gwada a bayan kunne, ki jira kwana biyu. In kin haɗa biyar rana ɗaya fuska ta tashi, ba ki san wa za ki kama ba.

Kalmar "na gargajiya" ita ce ke yaudarar mata da yawa, ana ɗauka duk abin da ya fito daga gona mai taushi ne. Na taɓa ganin wata yarinya da ta daka tafarnuwa ta ɗaure a kan ƙurji ɗaya ta kwana. Da safe ƙurjin yana nan, kewaye da shi kuma ƙuna ce mai faɗin kwabo har da ruwa, tabon ya fi wata shida. Bagaruwa ma ana ba da shawararta don "tsuke ramukan fuska". Ki tuna da ita majema ke jeme fatar jar akuyarmu da ta yi suna har Turai. Fuskar amarya ba kirgi ba ce. Kanwa da man goge baki su ma a bar su inda suke. Kurkur shi kaɗai ba shi da wani laifi babba sai rini, abokin tafiyarsa lemun tsami ne matsalar. Man kwakwa, man zaitun da man shanu suna toshe ramuka ga mai irin fatarki. Man kaɗe ki bar wa leɓe da kaushin ƙafa.

Ki duba inda ƙurajen suka fi yawa. In a goshi ne daidai bakin gashi, man kitso ne ke gangarowa da zufa. In a gefen kumatu da ƙarƙashin haɓa ne inda hijabi ko niƙabi ke gogawa, ki sassauta shi, ki sa hular auduga a ciki, kuma kada wanda ya sha zufa da hoda jiya ya koma fuska yau. Rigar filo a canza sau biyu a sati. In kuwa ƙanana ne masu girma ɗaya, suna ƙaiƙayi, sun fi tashi da bazara a goshi da ƙirji da baya, wannan wani ciwon ne daban na naman gwari, wato wata irin ƙwayar cuta ta daban, maganinsa daban, kuma shafa mai ƙara masa ƙarfi yake yi.

Gyaɗa ta sha zagi a kan ƙuraje, alhali shaidar da ake da ita ta fi nuna sukari, lemun kwalba, farin burodi da yawan madara. Ba zan raba Basakkwaciya da fura da nono ba, ki dai rage cokulan sukarin da ake zubawa.

Duk abin da ake yi wa ƙuraje sai ya yi sati 6 zuwa 8 kafin a yanke masa hukunci, don wanda ya fito yau ya daɗe yana haɗuwa a ciki. Ki ɗauki hoton fuskarki duk Juma'a a bakin taga ɗaya, madubi na kullum ba ya nuna sauyi. Wata huɗu ya isa, amma ba shi da rarar da za a yi wasa da ita. Da ƙanwata ce ta ciki ɗaya, ba zan bar ta da shayi da alobera kawai ba. Bayan hutun sati biyu zan sa ta sayo benzoyil peroksayid mai kashi 2.5, wanda ke aiki kusan daidai da mai kashi 10 ba tare da yawan yaji ba, ta shafa siriri da dare, kwana ɗaya a sa kwana ɗaya a huta. Yana cinye launin tufa, sai a kula da hijabi da tawul. Wani maganin shafawa kuma, azelayik asid, yana taɓa ƙuraje da tabo a tare. Da safe man kariyar rana mai lamba 30 (SPF 30 a jikin kwalba) marar maiƙo, in ba haka ba rana za ta riƙa dafa tabon.

Tunda aure za ki yi, ki riƙe sunaye uku: adapalin, dokzisaikilin da isotiretinoyin. Suna aiki, amma ba a amfani da su ga mai ciki ko mai shirin ɗauka, na ƙarshen yana nakasa jariri. Kada mai kemis ko ƙawa su ba ki, kuma ki gaya wa duk likitan da zai rubuta miki magani ranar bikinki. In ƙurajen manya ne masu zurfi da zafi, ko suna barin rami, ko al'adarki na tsallake watanni ga gashi a haɓa, kada ki jira sati takwas ɗin. Ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ki nemi a haɗa ki da likitan fata.

Saura wadda za ta yi miki gyaran jiki. Dilka da halawa a yi su a hannu da ƙafa da jiki, amma a bar fuska muddin akwai ƙurji ɗanye, dirza za ta fasa shi, ɗanƙon halawa kuma ya ɗaye wurin. Duk haɗin da ba za ta iya faɗa miki abin da ke ciki ba, kada ya hau fuskarki, ko da ta ce amare ɗari sun yi. Sati biyu kafin biki kada ki gwada wani sabon abu. Ranar kwalliya ki tafi da sosonki da burushinki, kuma komai gajiyar dare ki wanke fuskar kafin ki kwanta.