Killacewa, wariya da kaɗaici: kowace kalma da gurbinta

Tambayoyi huɗu na zaɓo a wannan karo, duka a kan kalmomin Turanci da ke nuna raba mutum da jama'a, da yadda ya kamata a faɗe su da Hausa.

Ta farko daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Gusau. Ta ce: "Malam, a takardun aikinmu akwai isolation, akwai quarantine, amma a rediyo duka killacewa nake ji ana cewa. Abu ɗaya ne? In ba ɗaya ba ne, me zan gaya wa dangin majinyaci?"

Malama, ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana kan wanda aka tsare. Isolation na wanda aka tabbatar ya kamu ne: a raba shi da masu lafiya har ya daina yaɗa cutar. Quarantine na mai lafiya ne wanda ya yi mu'amala da mai cutar: a dakatar da shi wuri guda, a sa masa ido har kwanakin da cutar kan ɗauka kafin ta bayyana su cika. Shi ya sa na biyun yake da adadi sananne tun ranar farko. A farkon annobar korona a 2020 kwana 14 ne, na Ebola da zazzaɓin Lassa kwana 21. Ana fara ƙirga daga ranar ƙarshe da mutumin ya haɗu da mai cutar. Nan mutane ke yawan kuskure, su ƙirga daga ranar da aka shaida musu, ko daga ranar haɗuwar farko. Wanda ya yi jinyar ɗan'uwansa mako guda, ƙirgarsa tana somawa ne daga ranar da ya bar gefen gadon.

Asalin kalmomin ma yana taimakawa. Isolation ta gangaro ne daga insula ta Latin, wato tsibiri, ta bi ta Italiyanci da Faransanci: an mayar da mutum tsibiri, ruwa ya kewaye shi. Quarantine kuwa daga quaranta take, arba'in da Italiyanci. A 1377 birnin Ragusa, wanda yake cikin Kuroshiya ta yau, ya kafa dokar tsare masu zuwa daga garuruwan annoba na kwana 30 kafin su shiga gari. Daga baya aka mayar da wa'adin kwana 40 a tashoshin jiragen ruwa irin su Benis ta Italiya, sunan ya bi adadin, ya kuma zauna ko da kwanakin sun sauya. Kada arba'in ɗin nan ta sa a haɗa ta da arba'in ɗin mai jego ko sadakar arba'in. Adadi ne kawai ya zo ɗaya.

To, a Hausa fa? Killacewa asalinta kewaye wuri ne da danga ko zana ko katanga, kamar yadda ake killace fili ko makewayi. Hoton da ke cikinta shinge ne, ba ta faɗin dalilin shingen. Don haka 'yan jarida ba su yi laifi ba da suka ɗora mata aikin biyu. Matsalar tana tasowa ne a bakin asibiti. Kika ce wa uwa "an killace ɗanki", abin da za ta ji shi ne ya kamu, kafin magariba unguwa ta ɗauka, a fara gudun gidan. Wanda ya ga haka, gobe in aka zo neman waɗanda suka yi hulɗa da majinyaci, ɓuya zai yi.

Shawarata ita ce kada a bar kalmar ita kaɗai. A ce killacewar jinya ga wanda ya kamu, killacewar sa ido ga wanda ake jira a gani. In da baki za ki yi bayani, ki haɗa abu uku a jimla guda: halin da yake ciki, adadin kwanaki, da ranar fita. Misali: "Lafiyarsa ƙalau, sa ido ake yi na kwana 21 saboda ya taɓa majinyacin, ranar Talata ta sama za a sallame shi in ba a ga zazzaɓi ba." Ki guji tsarewa, domin kunnen Bahaushe ya saba jin ta wajen 'yan sanda. Kulle kuma a bar ta ga gari baki ɗaya, kamar dokar kulle da aka sa wa Legas da Ogun da Abuja lokacin annobar korona a 2020, duk da cewa kalmar ta daɗe tana aiki a auren kulle. In kuma tsoho ya yi gardama cewa wannan bidi'ar Turawa ce, akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta sauka kuna ciki kada ku fita. Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda haka.

Ta biyu daga wani ɗalibi ce a Zariya, yana neman bambancin segregation da ostracism da boycott, yana kuma tambaya ko saniyar ware ta isa ta ɗauke su duka.

Ba ta isa ba, amma ta yi kusa da ɗaya daga cikinsu. Segregation daga kalmar Latin grex take, wato garke, da ɗafin se da aka liƙa a farkonta, mai nufin gefe: a fitar da dabba daga garke. Hoton saniyar ware ke nan sak, ko da yake kamannin sauti tsakanin grex da garke ba hujjar dangantaka ba ce. Sai dai a amfanin yau segregation tsari ne da ake ɗora wa jinsin mutane gaba ɗaya, makarantarsu daban, unguwarsu daban, kujerarsu a mota daban. Wannan wariya ce, kamar mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994. Ka lura da abin da Hausa ta yi a nan: aikatau (kalmar aiki) ware ba shi da laifi, gwamnati tana ware kuɗi, manomi yana ware iri. Da zarar ya zama suna, wariya, sai ya ɗauki zalunci. Ba a cewa "wariyar kuɗin gina asibiti". Wanda ya rubuta "an nuna wa masu cutar wariya" alhali yana nufin an keɓe su don jinya, ya zargi likitoci da abin da ba su yi ba.

Saniyar ware ta fi dacewa da ostracism, domin mutum ɗaya ne jama'arsa suka juya wa baya. Kalmar daga ostrakon take, tsingaro da Girkanci. A birnin Atina na da, mutanen gari kan karce sunan wanda suke tsoron ƙarfinsa a kan tsingaron tukunya, wanda sunansa ya fi yawa ya bar gari shekara 10, ba tare da an ƙwace dukiyarsa ba. A yau ba a korar kowa, yana nan cikin mutane, ba a dai gayyatarsa shawara, ba a kai masa goron biki.

Boycott sunan mutum ne, Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a Ailan. A 1880 manoma suka ƙi yi masa aiki, masu kantuna suka ƙi sayar masa da kaya. Hausarta ƙauracewa, daga ƙaura. A nan masu yin ne suke janye jikinsu, kuma da wata buƙata a gaba. Ana ƙaurace wa zaɓe, ana ƙaurace wa kaya, ana ƙaurace wa mutum, kamar yadda aka yi wa Ka'abu ɗan Malik da abokansa biyu kwana 50 bayan yaƙin Tabuka.

Ta uku gajera ce: mece ce loneliness, mece ce solitude, ina kuma kewa ta shiga?

Loneliness kaɗaici ne, ciwon rashin abokin zama, kuma yana iya kama mutum a tsakiyar kasuwar Kurmi. Solitude kaɗaitar da mutum ya zaɓa wa kansa ce, don ibada ko nazari ko hutu. Malamai suna da kalmarta, halwa, daga Larabci. In ba ibada ba ce a ce ya keɓe kansa. A kiyaye da jam'i kawai: "sun keɓe" in namiji da mace ne wata magana ce daban. Kewa kuwa dole sai da abin da ake kewa, kewar gida, kewar uwa, kewar tuwon dawa. Amarya a gidan da ya cika da mutane ba ta rasa abokin hira ba, amma tana kewar ɗakin mahaifiyarta. Wannan ce ma'anar karin maganar nan, sabo ake yi wa kuka: hawayen na rabuwa ne da wanda aka saba da shi.

Ta huɗu daga wani mai cike wa mutane takardu ce a Kano. Ya ce a gurbin aure yana ganin separated da divorced, kuma duka "sun rabu" yake fassarawa.

Ɗan'uwa, ka daina, kana kashe auren da bai mutu ba. In Bahaushe ya ce ma'aurata sun rabu, saki yake nufi, wato divorced. Separated kuwa igiya tana nan, zama tare ne babu. Ba mu da kalma guda da ta yi daidai da ita. Yaji ya kusa, amma yaji na mace ne da ta tafi gidansu cikin fushi, ana kuma sa ran biko. Abin da za ka tambayi mai takarda shi ne: an furta ko an rubuta saki? In a'a, ka karanta masa gurbin da cewa "da aure, amma ba a zaune tare". Matar da mijinta ke ci-rani a Fatakwal ba ta shiga nan ba, ita matar aure ce kawai, domin kalmar tana nufin saɓani ne ya raba zaman.

Ya ƙara da tambayar bambancin "sun yi hannun riga" da "sun rabu dutse a hannun riga". Na farko hoton babbar riga ne, hannu ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, ba inda za su haɗu. Ana faɗar sa ga abokai ko ra'ayoyi da suka yi nisa da juna, ko da babu faɗa. Na biyu ya fi zafi. An tashi ne ba a sasanta ba, kowa ya ɓoye abin jifa a hannun rigarsa yana jiran gamo na gaba. Shi ake faɗa in taron sulhu ya watse baram-baram.