Ku Tambayi Kawu: Kiɗan Wasan Bidiyo a Hannun Makaɗa Tamanin

Wasiƙu huɗu na ware a wannan fitowar, domin duk kan magana ɗaya suka faɗo, kuma magana ce da ta daɗe a raina tun ina sabon shiga aikin haɗa sauti. Masu tambaya kan gyaran rediyo da batirin sola su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa.

Kawu, barka da aiki. A fadarmu ta shayi a Garin Malam wani aboki ya nuna mana bidiyo: mutane sun kusa ɗari sanye da baƙaƙen kaya, cikin wani ƙaton zaure, suna kaɗa kiɗan Mario, jama'a na ta tafi. Gardama ta kaure. Wasu suka ce haɗin kwamfuta ne, don babu yadda masu furfura za su taru kan kiɗan wasan yara. Ina gaskiyar take?
*Ɗalibi a jami'ar André Salifou*

Ɗana, ka gaya wa ƴan fadarku ba haɗi ba ne. Mutane ne na gaske, kuma abin ya girmi yawancinku.

Bari in fara da sunan, kada mu rikice. Mu nan idan aka ce orkes, abin da ke zuwa rai shi ne samari biyar ko shida da gita da ganguna. Wadda ka gani daban take: okestra ce irin ta Turai, makaɗa saba'in zuwa ɗari, an kasa su gida huɗu. Masu goge ne mafi yawa, su ke gaba, tun daga ƙaramin da ake ɗorawa a kafaɗa har babban da ya kai tsayin mutum. Bayansu masu sarewa da danginta, sai masu ƙahonin tagulla, can baya masu ganguna. Wanda ke tsaye da ƴar sanda, ya ba jama'a baya, shi ne sarkin makaɗan wannan dare. Ba ya kaɗa komai, amma shi ke cewa wane ya shigo, wane ya sassauta.

Ni na fara jin kiɗan Mario a Zango, wajajen 1992, a gidan ƙanen mahaifina. Ɗansa ya sayo akwatin wasan bidiyon daga Kano, aka jona shi da tele baƙi da fari, mu goma sha wani abu muka jeru kan tabarma muna jiran layi. Wanda layi bai zo kansa ba, kiɗan kawai yake sha. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma yau ka tashe ni tsakar dare zan fito maka da shi da fito, ban rasa gaɓa ɗaya ba. Sai da na kama aikin sauti na gane dalili.

Akwatin Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, bakin sauti biyar kacal gare shi. Biyu na rera kari da siririyar murya, ɗaya na riƙe ƙasa, ɗaya shuuu kawai yake yi, da shi ake kwaikwayon ganga da fashewar abu, na biyar kuma na guntun sautin da aka naɗa ne. Wato muryoyi uku ne kaɗai ke iya rera kari a lokaci guda, kuma da zarar Mario ya yi tsalle, sautin tsallen sai ya ƙwace baki ɗaya daga kiɗan. Wasan Mario gaba ɗaya, hoto da kiɗa da komai, kilobait 40 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya da kake ɗauka da salularka ba. Koji Kondo, wanda ya tsara kiɗan a 1985, cikin wannan ƙunci ya yi aiki. Ka ɗauke shi kamar mai kukuma shi kaɗai a bakin kasuwar Dole: tsirkiya ɗaya, babu ƴan amshi da za su rufa masa asiri. In karin bai yi daɗi ba, babu mai tsayawa. Kuma kiɗan wasa juyawa yake ta yi, yaro zai ji shi sau ɗari a yini, dole ya zama wanda ba ya gundura. Karin da ya tsira daga wannan jarrabawa, in ka miƙa shi ga makaɗa tamanin, ba abin da za su yi illa su ƙara masa numfashi.

Wanda ya fara miƙawa shi ne Koichi Sugiyama, mai kiɗan wasan Dragon Quest. Shi dama sanannen mai tsara kiɗa ne a Japan, ya haura shekara hamsin kafin ya shiga harkar wasanni. Ranar 20 ga Agusta 1987 ya tsaya da sandarsa a zauren Suntory da ke Tokyo, aka kaɗa kiɗan wasansa a gaban jama'a. Shekara goma sha shida cif bayan haka, ranar 20 ga Agusta 2003, aka yi irinsa na farko a wajen Japan, a zauren Gewandhaus na birnin Leipzig a Jamus. A 2005 wani shiri mai suna Video Games Live ya buɗe a Hollywood Bowl na Los Angeles, mutum wajen 11,000 suka halarta. A 2022 bikin kiɗa na Proms na BBC, wanda ake yi a Landan tun 1895, ya ware wa kiɗan wasanni dare guda a karon farko. Masu zauruka ma sun ga ribarsu, don samarin da ba su taɓa leƙa wurin ba sun fara sayen tikiti.

In har yanzu akwai mai musu a fadarku, ya nemo bidiyon buɗe gasar Olamfik ta Tokyo, 23 ga Yuli 2021. Kiɗan da ƴan wasan duniya suka yi fareti a kansa, har da namu na Nijar da tutarsu, na wasannin bidiyo ne, kuma da na Sugiyama aka fara. Wata biyu da ƴan kwanaki bayan nan ya rasu, yana da shekara 90.

In kuma ka ga wasu na kuka a cikin zaure, kada ya ba ka mamaki. Tura wa Badamagaren da ya shekara biyar a Libiya sautin kakaki da tambari na hawan Salla a ƙofar fada, ka ga abin da idonsa zai yi.

Malam, ƴata na shirin jarrabawar BAC. Kullum dare abin ji na kunnenta, wai kiɗan wasan bidiyo take saurare tana bitar lissafi. Ni ban taɓa ganin ta tana wasan ba ma. Hankalina bai kwanta ba. In ƙwace wayar?
*Wata uwa daga Birni*

Hajiya, Allah ya ba ta sa'a, ya sa ki ci moriyarta. Kafin ki ƙwace, ki zauna kusa da ita ki ce ta ba ki kunne ɗaya. Abin da za ki ji galibi goge ne da sarewa da fiyano, babu baiti ko ɗaya, balle kalmar da za ta sa ki kunya. Yawancin irin wannan kiɗa an tsara shi ne ya raka mutumin da hankalinsa ke kan wani aiki, ba don ya janye shi ba. A gidan da akwai ƙanne da tele da masu shigowa gaisuwa, na fahimci yarinyar da ke neman abin da zai toshe mata hayaniya.

Abin da zan sa wa ido uku ne. Ƙarar kada ta kai ki jiyo ta daga inda kike zaune. Na ga abokan aikina da kunnensu ya yi nauyi tun ba su kai hamsin ba, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ta sauke kiɗan sau ɗaya ta rufe intanet, don saƙonnin WhatsApp ne ke cinye dare, ba gogen ba. Sannan lokacin salla da na karatun Alƙur'ani, a cire abin daga kunne. Hukuncin kiɗa a addini fagen malamai ne, ki kai wa malaminku. Ni dai sakamakon gwajinta na makaranta zan duba: in yana hawa, ki bar ta.

Ki kuma gaya mata wannan daga gare ni. Wasan dambe na Street Fighter II, wanda ya fito a 1991, wanda samarin zamaninmu suka ƙarar da dalolinsu a kansa, mace ce ta tsara mafi yawan kiɗansa. Sunanta Yoko Shimomura, tana ƴar shekara ashirin da ƴan kai a lokacin, kuma yau manyan okestra na kaɗa aikinta.

Kawu, duk Japan da Turai ne. Babu muryar Afirka a ciki?
*Mai ɗinki, Sabon Gari*

Akwai, ƙanena, ko da yake kaɗan ce. Waƙar buɗe wasan Civilization IV na 2005, Baba Yetu, da harshen Swahili aka rera ta. Addu'ar Kiristoci ce Christopher Tin ya ɗora wa kari. A 2011 ta ci kyautar Grammy, ita ce ta farko daga wasan bidiyo da ta taɓa ci, kuma a faifan da ya ci kyautar ƙungiyar mawaƙan Soweto ta Afirka ta Kudu ce ta rera. Har yau ana yawan sa ta a irin waɗannan taruka. Amma ka lura, harshen ne na Afirka, mai tsarawar Ba'amurke ne. Karanta amsa ta gaba.

Kawu, ina gaisuwa. Mahaifina mai algaita ne, kakana ma haka, ni ma na gada. Na gwada busa kiɗan Mario ya ƙi zama, wasu sautukan ba na samun su ko yaya na yi da yatsu. Abokaina sun ce kayanmu na gargajiya ne ba su kai ba. Abin ya dame ni. Za mu iya haɗa irin wannan taro da kayanmu?
*Ɗan mai algaita, Mirriya*

Ɗana, wasiƙarka ce na fi daɗewa a kanta, sau uku na karanta. Ka gaishe mini da mahaifinka.

Abokanka sun yi kuskure, ga hujja. A cikin okestra akwai abin busa da ake kira obo. Ƴar'uwar algaitarka ce ta jini: bakinta harshe biyu ne na kara da ke karkarwa da juna, kamar naka. Kafin a fara kowane taro, mai obo ke busa sauti ɗaya, mai karkarwa kusan sau 440 a daƙiƙa, duk makaɗa tamanin su daidaita kayansu a kansa. Kuma dabarar da mahaifinka ya koya maka tun kana yaro, ta cika kumatu kana shaƙa ta hanci busa ba ta yanke ba, masu obo da yawa sai sun girma suke wahalar koyon ta.

Abin da ya hana Mario zama shi ne bambancin tsani. Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa gida goma sha biyu. Mafi yawan karinmu a kan matakai biyar yake tafiya, algaita kuma da ƴan ramukanta an ƙera ta ne don wannan tafiya. Karin Mario cike yake da rabin taki da dogon tsalle, yana taka matakan da babu su a tsaninka. Ka ba mai fiyano kirarin da kalangu ke furtawa, shi ma haka zai tsaya, don fiyano ba ya lanƙwasa sauti yadda maganar Hausa ke hawa da sauka.

To ga yadda zan yi in ni ne kai. Kada ka fara da Mario. Nemi kari mai tafiya a hankali, irin wanda ake sawa idan ɗan wasa ya shiga ƙauye ko yana ratsa daji, ka rera shi da baki tukuna har ya zauna. Inda sauti ya faɗi tsakanin ramuka, bar wa mai goge wannan gaɓar, shi yatsansa na zamewa kan tsirkiya ya sami duk abin da yake so. Ka tuna bakunan akwatin nan da na faɗa a amsa ta farko: biyu masu kari, ɗaya mai riƙe ƙasa, ɗaya mai ganga. Algaita da goge su ɗauki biyun farko, gurmi ya riƙe ƙasa, kalangu ya ɗauki na huɗu. Mutum huɗu sun ishe ka, ba sai tamanin ba. Algaita na da ƙarfin da zai binne gurmi, saboda haka ka ja baya taki biyar ko shida daga sauran. Kakaki da tambari kuwa ka bar su inda suke, na Sarki ne, ba a fitar da su don nishaɗi.

A tsakar gida ko a fada babu mai hana ku. Ranar da za ku sayar da tikiti ko ku sa a kasuwa, ku sani karin na da masu shi, ku fara tuntuɓar ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA.

Amma abin da na fi so ka ji shi ne wannan. Kiɗan Tetris da duniya ta haddace tun fitowarsa a Game Boy, ƙaramin akwatin wasa na hannu, a 1989, ba don wasa aka ƙirƙire shi ba. Tsohuwar waƙar mutanen Rasha ce ta ƙarni na 19, a kan wani ɗan koli mai yawon talla. Daga bakin talakawa ta shiga akwati, daga akwati ta hau zauren okestra. Karin da kakanka ya bar wa mahaifinka, irin na zamanin su Ma'azu Ɗan Alalo, bai gaza wannan da komai ba, kuma shi ma an gwada shi shekara da shekaru a kunnen jama'a bai gundure su ba. Marigayi Mamman Barka, ɗan Taskar a jiharmu, ya je bakin tafkin Chadi ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar, a hannun tsohon da ya rage yana kaɗa shi, ya kai shi har dandalin Turai kafin rasuwarsa a 2018. Ina jin tsoron ranar da yaranmu za su fara ƙera nasu wasannin, su nemi sautin Damagaram da za su sa, su tarar babu wanda ya naɗa.

Saboda haka in kun shigo Zandar ranar Alhamis cin kasuwa, kai da mahaifinka, ku biyo ta ofishin mujalla da algaitunku, za a kira ni. Ina da makirufo biyu masu kyau da ɗaki mai labule mai kauri. Za mu fara da na kakanka, in lokaci ya rage mu gwada na Japan ɗin. Ku zo da safe, kafin a ɗauke wuta.