Tambaya da Amsa: Igwa ce ke cinye sojan ruwan Ingila a zamanin jiragen katako?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kalli wani fim na yaƙin ruwa na zamanin da, jiragen katako suna ta ɓarin wuta a kan juna, sai na ce anya akwai mai shiga wannan aiki da son ransa? Wai da gaske kamo mutane ake yi? Kuma ya zamansu yake a ciki, ko duk igwa ce ke ƙarar da su? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da ta ƙarshe don ita ce fim ba ya nuna maka. Ciwo ya fi igwa kashe su nesa ba kusa ba. Ka duba yaƙin ruwa na Trafalgar da aka yi a gaɓar Sifen ranar 21 ga Oktoba 1805, wanda Ingila ke tinƙaho da shi har gobe, jiragenta 27 suka kara da 33 na Faransa da Sifen, amma mutanenta da suka mutu a ranar kusan 450 ne, ciki har da shugabansu Nelson da aka harbo daga saman wani jirgin Faransa. To ka kwatanta da tafiyar George Anson, wani hafsan sojan ruwan Ingila da ya fita da ayarin jirage a 1740 ya zagaya duniya, ya dawo 1744 da jirgi ɗaya tal, mutum sama da 1,000 sun mutu, mafi yawansu ba su ko ga abokin gaba ba, cuta ce kawai ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Babbar cutar ita ce ta rashin bitamin C. Mutum ya yi wata da watanni a teku ba ganye ba 'ya'yan itace, sai dasashinsa ya kumbura yana jini, haƙora su fara girgiɗi, tsohon rauni da ya warke shekaru ya sake buɗewa, ƙarfi ya tafi gaba ɗaya. Abin da ke ci min rai shi ne maganin ba wani abu ba ne illa lemun tsami. Wani likitan jirgi James Lind ya gwada a 1747 a kan marasa lafiya 12, ya raba su bibbiyu, waɗanda ya ba lemu suka miƙe cikin 'yan kwanaki, amma hukumar sojan ruwa ba ta sa a riƙa rabawa kowa ruwan lemun ba sai 1795. Shekara 48 fa, ana ta jefa gawarwakin 'ya'yan mutane a ruwa.

Abinci kuwa naman sa da na alade ne da aka jibge da gishiri a ganga, da wake, da wani biskit mai taurin tsiya da ƙwari ke hudawa, sai mutum ya buga shi a katako su zubo kafin ya ci. Ruwan sha in ya daɗe a ganga wari yake, shi ya sa ake ba su giya kullum, daga 1740 wani babban hafsan sojan ruwa, Admiral Vernon, ya sa a riƙa sirka barasar da ruwa don rage maye. Wurin kwana gadon lilo ne na zane da ake ratayewa a saman igwogi, kowa rabonsa inci 14. Jirgin Nelson mai suna Victory igwa 104 gare shi da mutum sama da 800, ka lissafa cunkoso da zafi da ƙwarƙwata, ai dole zazzaɓi ya yi ta yawo.

Batun kamu gaskiya ne, kuma doka ta yarda. In yaƙi ya taso sai a saki 'yan kamu a garuruwan bakin teku, su bi mashaya da tashar jiragen ruwa, har jirgin 'yan kasuwa da ya dawo daga doguwar tafiya sukan tare su kwashe ma'aikatansa tun ba su taka ƙasa sun ga iyalinsu ba. Amma ba kowa aka kamo ba, da yawa talauci ya kawo su, ga abinci sau uku, ga rabon ganima in an kama jirgin abokan gaba. Wanda ya yi laifi kuwa bulala mai harshe tara a gaban kowa. A 1797 dai tura ta kai bango, suka yi bore a Spithead, wata matsayar jiragen yaƙi a gaɓar Ingila, saboda albashinsu ya yi kusan shekara 140 bai motsa ba, aka ƙara musu, amma na wata matsayar mai suna Nore da suka biyo baya ba su sha da daɗi ba, an rataye jagoransu Richard Parker.

Ranar yaƙi kam abin ba kyan gani. Dunƙulen ƙarfen igwa in ya fasa jikin jirgi tsagin katako ne ke tashi yana yanka mutane, ana zuba yashi a daɓe don kada ƙafa ta zame a jini, yara ƙanana na gudu da albarushi, likita na can ƙasa da zarto yana yanke hannu da ƙafa babu allurar kashe zafi.

Har a gaɓarmu ta Afirka ta Yamma haka aka yi. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, ta ajiye jirage suna sintiri suna tare masu safara, waɗanda aka kuɓutar ana sauke su a Firitawun ta Saliyo, kuma akwai Hausawa a cikinsu. Sojan da ke wannan sintiri ma zazzaɓin cizon sauro da shawara ne suka fi kashe su, a lokacin ba wanda ya san sauro ke kawo su, iskar fadama suke ɗora wa laifi.