Amsa ga Malam kan karatun jami'a ta waya

Salamu alaikum 'yan uwa. Malam, na ji muryar da ka turo, kana tambaya ko karatun jami'a ta intanet zai ɗore idan, Allah Ya kiyaye, wata annobar ta sake zuwa. Ni dai na gane inda ka dosa. So kake ka ji ko za a tafi da yaranmu na ƙauye ko a nan za a bar su.

Da farko a daina cewa an gwada a 2020 abin ya ƙi. A ina aka gwada? A watan Maris gwamnati ta rufe makarantu saboda korona, a Maris ɗin kuma ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta shiga yajin aiki kan maganar IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, ba su janye ba sai Disamba, wata tara ke nan. Ministan ilimi na lokacin Adamu Adamu ya ce a koma intanet, to wa zai koyar? Jami'o'in kuɗi ne suka ci gaba, su kuwa ɗalibansu akwai wuta a gida, akwai kwamfuta.

Ƙanina fa, kun san shi. Da aka koma a farkon 2021, wani malaminsu ya ce ajin ya yi yawa, a hau Zoom, alhali yaron yana gida bai samu wurin kwana ba tukuna. Sabis a garinmu sai ka hau tudun bayan firamare. Da sanyin safiya zai tafi can ya rakuɓe da bargo, waya a sama. Cajin ma tun dare ake kai wa mai janareto a bakin kasuwa, a biya. Zoom ɗin na kyauta minti 40 ne ya yanke, kafin ya sake shiga data ta ƙare. Kuma wallahi mutumin nan ya rubuta masa bai zo aji ba! Bai zo ba? Yaron da na sayar da buhun gero na saya masa wayar? Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ya yi masa bayani, ya ce wai ba matsalarsa ba ce... to, bar wannan.

Wata malama kuma a sashen nasu, ita murya take naɗa kamar yadda nake yi yanzu, ta haɗa da takarda ta tura guruf. Ka sauke sau ɗaya, ka saurara ko a gona, ka maimaita, har ka tura wa abokinka ta Xender ba ka kashe ko kwabo ba. Wannan ne zai ɗore, Malam. Ban ce da duka ba fa, mai karatun likita ko injiniya dole sai ya taɓa da hannunsa, waya ba za ta yi masa ba.

Sannan wuta. BUK ta samu tashar sola mai megawat 7.1 tun 2019, madalla, amma wutar tana harabar jami'a, ɗalibin yana ƙauye. Jigawa ƙananan hukumomi 27, Kano 44. A ware ɗaki ɗaya a kowace sakatariya, a sa sola da intanet, kamar cibiyoyin da NOUN, jami'ar karatu daga gida, take da su. Kai da kake zama da kansila, don Allah ka kai masa maganar nan kafin a zo neman ƙuri'a.